Masaƙa a bayan ɗakin Inna

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau muka auna wurin da za a kafa masaƙar. Daga gindin dalbejiyar da ke bayan ɗakin Inna zuwa katangar maƙwabta mita 7 ne da 'yan kai, kuma inuwa ba ta barin wajen sai hantsi ya dubi ludayi. Baba, tsohon masaƙin da zai koya mini, ya taka wurin da ƙafarsa, ya ce ya isa har ya yi saura. Ba a miƙe zaren tsaye gaba ɗaya. Wanda za a saƙa yanzu kaɗai ake miƙewa, saura yana dunƙule a ɗaure bisa kunkuru, wato katakon da ake ɗora wa dutse don ya ja zaren, in kunkuru ya matso kusa sai a warware a mayar da shi baya.

Sana'ata ɗinki ce, shagona na nan Hausare cikin Garwa, a Kamaru. Duk sa'ad da wani ya kawo mini saƙar hannu in haɗa masa gandura, in na tambayi inda ya samo, sai ya ce Marwa, ko kuma wani ne ya zo masa da ita daga Najeriya. Alhali kuwa auduga ce ta kewaye mu ta ko'ina. Sodecoton, kamfanin audugar da aka kafa a 1974, a garin nan babban ofishinsa yake, masaƙar CICAM ma a nan take. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Baba aminin marigayi mahaifina ne, a Yelwa yake zaune. Tun yana yaro yake saƙa har gwiwa ta hana shi. Mun yi da shi zan riƙa ɗauko shi a moto, wato babur, kowace Asabar, ya duba aiki, ya ci abincin rana a nan, in mayar da shi bayan la'asar. Da na kawo zancen kuɗi sai ya ɗaga mini hannu, ya ce, "Ɗana, goro dai kada ya yanke."

Abin da nake so in gama kafin azumi: gwado ɗaya fari mai ratsin shuɗi, na Inna. Ƙwarya 14, wato siraran saƙar da ake haɗawa su zama gwado, kowace tsawon mita 2, faɗin santimita 8. Amma sai na fara da saƙar gwaji tukuna.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Kasuwar Pitowa, wajen kilomita 15 daga nan. Abu biyu suka kai ni: masassaƙin da zai yi mini ƙoshiya, wato abin da ke ratsa zaren kwance cikin na tsaye, da mai zaren hannu. Masassaƙi na same shi a layin masu turmi da ƙota. Shi kansa bai taɓa sassaƙa ƙoshiya ba, amma ya ga mahaifinsa na yi. Na miƙa masa tsohuwar ta Baba wadda ta tsage, ya juya ta, ya sa yatsa cikin kwarminta, ya ce sefa 2,000, in aiko mako mai zuwa.

Zare kuwa babu, ko mazari ɗaya. Wata dattijuwa mai sayar da daddawa ta ce a ƙauyensu akwai tsohuwar da har yanzu take kaɗi. Na ce, "Dada, don Allah ki zo mini da ko kaɗan ne in gani." Ta ce in Allah ya so.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

An kafa turaku huɗu masu gwafa. Ƙasa ta riga ta bushe tun da ruwa ya ɗauke, sai da na kwana ina jiƙa ramukan kafin su haƙu. Na babbake gindin kowane turke, na shafa masa baƙin mai saboda gara. Na kuma haƙa ɗan rami inda ƙafafu za su shiga. Turaku da sanduna sefa 3,500, igiya 500, gwangwala 500.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ranar masefi, wato abin buga saƙa mai kama da mataji, da allera, mai ɗaga zaren tsaye da sauke shi. Ni dai yau kallo na yi da miƙa kaya.

Baba ya tsaga bayan gwangwala sirara-sirara, ya kankare kowane tsinke da wuƙa har ya yi sumul, don ko ƙaya ɗaya ta rage a jikinsa za ta riƙa cin zare. Ya jera su tsakanin sanduna, bayan kowane tsinke ya zagaya zare sau biyu, wannan zagayen shi ne ke raba tsinke da ɗan'uwansa daidai wa daida. Ya yi ƙofa 60. Kowace za ta ɗauki zare biyu, zaren tsaye 120 ke nan. A ƙasan masefin ya ɗaura wani guntun itace mai nauyi, domin nauyin ne ke buga saƙa, ba ƙarfin hannu ba.

Allera biyu ya ɗaure da zare mai kauri, kowace da idanu 60. Yadda abin ke aiki: zare na ɗaya ya bi ta allera ta gaba, na biyu ta ta baya, na uku ta gaba, haka har ƙarshe. Igiya ɗaya ce ta haɗa su ta sama, ta ratayo a kan ɗan abin da ke juyawa, a ƙasa kuma kowace tana da nata mataki. Ka taka dama, wannan ta sauka, waccan ta hau, bakin saƙa ya buɗe, ka jefa ƙoshiya, ka canza ƙafa, ka buga. Abin juyawar ne ba mu da shi. Na shiga shago na ɗauko tsohon katakon zaren keke wanda zarensa ya ƙare, na zura masa ƙusa. Baba ya murza shi da yatsa, ya ce ya fi wanda ya yi aiki da shi shekara da shekaru laushin juyi.

Talata, 12 ga Nuwamba

Ƙoshiya ta iso. Cikinta da ɗan kaushi, na goge da takardar yashi na shafa man gyaɗa. Na yanka kwarkwaro guda goma daga karan dawa, na naɗa zare a sa cikin ƙoshiya. Zaren gwaji na kanti, sefa 1,500.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Wadarin gwaji, mita 6. An kafa 'yan turaku a ƙasa, ina kai da kawowa da zare huɗu a hannu. A ƙarshe ɗaya turaku biyu ne kusa da juna, a nan zare ke gittawa: in za ka tafi ka bi ta gaban na farko da bayan na biyu, in za ka dawo ka juya. Wannan gicciyen shi ke riƙe jerin zaren, shi ke nuna wane ne ke bin wane. Kafin a cire daga turaku Baba ya ratsa jan ƙyalle a cikinsa ya ƙulle tamau. Ya ce, "Duk abin da zai ɓace maka, kada wannan ya ɓace."

Bai damu da saurina ba. Abin da ya sa wa ido shi ne ja. Yana biye da ni yana taɓa zaren da bayan hannu, inda ya ji sako-sako sai ya ce in koma. Ni a idona duk ɗaya suke.

Zura zare cikin allera da masefi ya cinye sauran ranar. A nan ɗinki ya taimake ni, ido da yatsa sun saba da ramin allura.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na fara jifa bayan sallar asuba. Kafin in buɗe shago na saƙa abin da bai kai kamu ɗaya ba. Ƙoshiya na faɗuwa ƙasa, ƙafa da hannu ba sa jituwa. Amma da na duba abin da ya naɗu a takala, sandar da ake naɗe abin da aka saƙa, tufa ce, ana iya kama ta a ja.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Matsalar makon nan gefe ne. Na fara da faɗin santimita 8, ina tafiya tana tsukewa, shekaranjiya na auna na samu 6 da rabi. Zaren gefe kuma sai tsinkewa yake, kullum na hagu, don masefi na gugarsa a karkace.

Baba ya sa na zauna na yi jifa goma yana kallo, bai ce uffan ba. Sannan ya nuna mini abu biyu. Na farko, in ƙoshiya ta fita ina jan zaren ya miƙe sak kafin in buga. Zaren kwance ba miƙaƙƙiyar hanya yake bi ba, hawa da sauka yake yi bisa zare 120, saboda haka yana bukatar tsawon da ya fi faɗin ƙwaryar. In ba ka ba shi ba, sai ya karɓa daga gefe. Maganinsa a bar shi ya kwanta a ɗan karkace cikin baki, a canza ƙafa, sannan a buga. Na biyu, kunkuruna ya yi sauƙi. Dutse ɗaya na ɗora wa katakon, da na buga sai ya biyo ni. Ya sa aka ƙara bulo ɗaya, ya ce in ja zaren da yatsa in sake, in ya yi ƙara ya koma wurinsa nan take, to nauyi ya yi.

Ya karɓi ƙoshiyar ya zauna, duk da gwiwar. Ban ga lokacin da take shiga da fita ba, ƙwas-ƙwas ɗin masefi kawai nake ji, kuma gefen da ya fito daga hannunsa miƙe yake ɗoɗar. Yara suka bar wasa suka zo suka tsaya. Bai daɗe ba ya ce a tashe shi.

Muna cin tuwo yake ba ni labarin abin da ya ji daga kakansa, cewa kafin kuɗin Turawa irin wannan ƙwaryar ita ce kuɗi a kasuwannin Adamawa, haka ma a Borno. Mutum ya auna da kamu ya sayi hatsi. Shi ya sa tsofaffin masaƙa ba sa wasa da faɗi: wa zai karɓi kuɗin da ya tsuke a tsakiya?

Talata, 26 ga Nuwamba

Faɗi ya tsaya a 7 da rabi. Baya na ciwo, na ɗaga kujerar da katako ɗaya, ya yi sauƙi.

Lahadi, 1 ga Disamba

Dada mai daddawa ta cika alkawari. Mazari shida cike, ƙunshe cikin tsumma, sefa 500 kowane. Ban yi ciniki ba. Wanda ya san abin da ke bayan mazari ɗaya, daga gurza zuwa shiɓa zuwa kaɗi, ba zai nemi ragi ba.

Da na kawo gida Inna ta warware kamar gaba ɗaya, ta naɗe a yatsunta biyu, ta ja, ya rabu ba tare da wata gardama ba. Ta ce, "Wannan abawa ce, mai kyau kuwa, amma ba za ta yi maka tsaye ba." Zaren tsaye siriri ake kaɗa shi, a murɗe shi sosai, da ƙaramin mazari, don shi ke shan jan kunkuru da gugar allera da masefi. Abawa kuwa kauri da laushi ake so a gare ta, aikinta ta kwanta ta cika tufa. Rabon Inna da kaɗi tun kafin a haife ni, amma yatsunta ba su manta ba.

To an yanke magana: tsaye na kamfani, kwance na hannu. Na san akwai masu cewa in an sa zaren kamfani ba saƙar gargajiya ba ce. Ban yarda da su ba. Baba ya ce tun yana saurayi masaƙa ke haɗa biyun. Ɗumin gwado da taushinsa daga abawa suke fitowa, ita ce jiki ke ji. In na dage sai na hannu zalla, to bana ba gwado, kuma tsohuwar da ke kaɗa abawar ma ta rasa mai saye.

Alhamis, 5 ga Disamba

An gama gwaji, na yanke daga takala. Na sayi farin zaren tsaye dunƙule biyu, sefa 5,000, da shuɗi na 1,200.

Shuɗin bai ci jarrabawa ba. Al'adar shago ce, ba na ɗinka launi kusa da fari sai na jiƙa. Na sa guntunsa da farin ƙyalle cikin ruwan ɗumi da sabulu, kafin in gama shan shayi ruwan ya rine, ƙyallen ma ya ɗauka, na wanke ya ƙi fita. Rinin galura ne wanda bai kama ba. Da ya shiga wadari da gwadon duka ya tashi a banza ranar wankin farko. Wani Alhaji da nake wa ɗinki yana fatauci zuwa Kano ta Yola, na roƙe shi ya zo mini da zare rinin baba daga marinar Ƙofar Mata. Aiki ya tsaya sai ya dawo.

Na kuma yanke shawara ratsin ya kasance cikin zaren tsaye, ya bi tsawon ƙwarya. In a kwance aka yi shi, dole ratsin kowace ƙwarya ya haɗu da na maƙwabciyarta wajen ɗinki, hannuna kuwa bai kai nan ba tukuna.

Asabar, 14 ga Disamba

Zaren Kano ya iso ranar Laraba, sefa 3,000. Wankin farko ya ɗan saki, na biyu kaɗan, na uku ruwa fes, kuma farin ƙyallen da na haɗa su ya wanku tas.

Yau aka yi babban wadari. Tsakar gida ba ta isa ba, sai muka fita lungu da sassafe kafin masu moto su fara wucewa. Turaku tazarar mita 8, zare ya je ya dawo sau biyu, mita 32 ke nan. Jeri: fari 12, shuɗi 8, fari 80, shuɗi 8, fari 12. Baba na zaune a kujera wajen gicciye yana ƙirga da tsakuwa, babban ɗana na tsare da akuyoyin unguwa. Maƙwabta suka fito kallo. Wata tsohuwa ta tsaya ta daɗe, ta ce rabonta da ganin wadari a lungun nan tun tana amarya.

Bayan an ƙulle gicciye muka tsoma zaren cikin ruwan sitacin rogo mai tsinkakke, sefa 300, aka miƙe shi ya bushe, muna raba shi da yatsa don kada ya manne. Sitaci na kwantar da gashin zare, ya rage masa cin guga.

Talata, 17 ga Disamba

Mummunar safiya. Jiya da dare na gama zura zare, na ɗaure a takala, na bar shi a miƙe don in fara da asuba. Akuyar gidanmu ta tsinke igiyarta cikin dare. Ƙanshin rogo ne ya ja ta. Na fito na tarar ta tauna gefen dama, tsakanin allera da kunkuru, zare 19 sun tsinke, har da shuɗɗan wannan ɓangaren duka, wasu kuma sun jiƙe da yawu sun cukurkuɗe. Kunkuru ma ta ture shi ya karkace.

Na daɗe a tsaye. Abin da ya cece ni shi ne ɓarnar a bayan allera take, saboda haka kowane zare na nan cikin idonsa, jeri bai rikice ba. Na bar shago a rufe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya: in kamo bakin da ke wajen allera, in nemo ɗan'uwansa a wajen kunkuru, in yanke inda aka tauna, in sa sabon guntu a tsakani da ƙulli biyu. Wahalar ba ƙullin ba ce, ja ne. In sabon guntu ya ɗara sauran tsawo ko da kaɗan, zai yi lilo, ƙoshiya ta riƙa tsallake shi. In ya gaza, shi kaɗai zai ɗauki nauyin kunkuru ya sake tsinkewa. Na gama ana kiran la'asar.

Na sayi zana biyu, sefa 2,500, na kewaye wurin. Daga yau kuma in na tashi aiki sai in sassauta, in naɗe, in shigar da kunkuru da zarensa ɗakin Inna.

Asabar, 21 ga Disamba

Baba ya bi ƙulle-ƙullen da yatsa, ya kwance uku ya sake ɗaurawa da irin nasa ƙullin, ƙarami mai kwanciya, wanda ke wuce masefi ba ya maƙalewa. Ya sa na yi ta maimaita shi da guntun zare har ya gamsu.

Abawa ta fara shiga. Bambancinta da zaren gwaji a bayyane yake: tufar ta yi jiki, da 'yan ƙulle-ƙullen auduga nan da can, in ka shafa sai ka ji ta a tafin hannu. Tana kuma cika wuri da sauri, mita na tafiya.

Juma'a, 27 ga Disamba

Hunturu ya sauko da ƙarfi, ƙura ta rufe har ba a hango tsallaken Binuwai daga gada. Iska ta bushe, zare ya yi ƙarau, musamman inda sitaci ya yi yawa. Da rana in na zauna sai tsinkewa, da asuba kuwa lafiya lau. Yanzu ina shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma bisa zaren da ke bayan allera, in kuma yayyafa ruwa a ƙasan wurin kafin in fara. Kwarkwaron abawa ma ina ajiye su cikin ƙwarya a rufe da ɗanyen ƙyalle. Tsinkewa ta ragu ƙwarai. Yatsuna sun faffashe, man kaɗanya nake shafawa da dare, ba da safe ba, don kada ya ɓata farin.

Aikin rana na daina shi. Daga asuba zuwa ƙarfe takwas kawai.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Mita 13 a takala. Wurin da akuya ta ci ya wuce, sai ka sa ido sosai za ka ga ƙullin. Baba bai zo ba, mura.

Lahadi, 12 ga Janairu

Abawa ta ƙare ranar Alhamis, masaƙa na zaune. Yau a Pitowa mazari huɗu kawai Dada ta kawo, sefa 2,000. Ta ce tsohuwar ba ta jin daɗin jikinta, sanyi ya kama mata yatsu, biyu daga ciki ma wata ce ta kaɗa. A lissafina ba za su kai ni ƙarshe ba.

A hanyar dawowa mun wuce wuraren da ake tara auduga, tuli-tuli fari fat a bakin hanya, ana jiran awo da motocin kamfani. Auduga ba ta yi ƙaranci a ƙasar nan ba. Hannun da zai mayar da ita zare ne ya yi ƙaranci, kuma masu hannun duk tsofaffi ne. Da na fara wannan aiki tunanina na kan itace da ƙoshiya. Waɗannan cikin mako biyu aka haɗa su. Zare ne ya tsayar da ni a Disamba, shi ne ya sake tsayar da ni yanzu.

Na faɗa wa Inna da dare. Ta yi shiru, can ta ce in aika wa ƙanen maman yara, mai gona a hanyar Ngong, ya sa yara su yi mana kalar abin da ya rage a jikin itace bayan an gama tsinka.

Asabar, 18 ga Janairu

Kalar ta zo, rabin buhu, da ganye da ƙura. Tsakar gida ta koma wani abu dabam. Inna ta sa aka nemo mata faffaɗan dutse da guntun ƙarfe mai santsi, tana murza shi bisa audugar, angurya na fita ta gaba. Maman yara na tsince datti. Na lanƙwasa sanda na ɗaura mata tsirkiya, aka sami bakan shiɓa. Mazari Baba ne ya kawo, na marigayiya matarsa, da gululunsa na yumɓu, ya ce zamansa a akwati ba ya amfanin kowa.

Inna ta shafa alli a yatsu, ta murza mazarin cikin 'yar tasa, hannun hagu na sama da sutu, wato audugar da aka shiɓe, zare na fitowa kamar dama can yana ciki ana jawo shi. Idonta ba ya ganin ramin allura yanzu, amma wannan ba ya bukatar ido. 'Yata mai shekara 13 ta zauna gefenta ta ƙi tashi. Kafin magariba ta karɓa ta gwada. Nata na fita wani wuri kauri wani wuri siriri, kakarta na cewa, "Sassauta hannun sama, uwata, kar ki shaƙe shi."

Sabuwar matsala: yanzu abawar hannu uku ce, kaurinsu ba ɗaya ba. Da na sa ta baƙuwar makaɗiyar nan, mai kauri, ƙwarya ta buɗe ta kai 8 da 'yan kai, kuma wurin ya fito dabam a ido. Baba ya ce a yi ƙoshiya biyu, ɗaya da mai kauri ɗaya da siririya, jifa biyu da wannan, biyu da waccan, sai bambancin ya baje. Na aika wa masassaƙi, wata 2,000.

Laraba, 29 ga Janairu

Ƙoshiya biyu na rage sauri, amma tufar ta daidaita. Mita 22. Inna ta cika mazari na biyu. Na 'yata na ajiye shi dabam, ba zai shiga wannan gwadon ba, na yi mata alkawarin za a saƙa shi shi kaɗai.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kunkuru ya iso bakin allera, babu sauran abin warwarewa. Baba ya ce ni zan yanke. Muka warware takala a tsakar gida muka auna: mita 28 da rabi. Daga 32, wajen mita ɗaya ya tafi a ɗaurin farko da na ƙarshe, saura kuwa hawa da saukar da zaren tsaye ke yi bisa abawa mai kauri ne ya cinye.

Talata, 11 ga Fabrairu

Hutun ranar matasa, gari ya tafi kallon fareti, na sami sarari. Jiya na wanke ƙwaryar dungurungum kafin in sa mata almakashi, don na san halin auduga. Ta sha ruwa ta koma mita 27, faɗi 7 da rabi. Ƙwarya 14 masu mita 2 ba za su fita ba ke nan. Ko 13 masu cikakken tsawo, ko 14 masu mita 1 da santimita 90. Na tambayi mai gwadon. Ta ce ita ba doguwa ba ce, faɗi take so. An yanka 14.

Ban jera su yadda aka saƙa su ba. Na farko-farko sun fi tsukewa kuma sun fi tauri, na ƙarshe sun fi laushi. In aka haɗa mai tauri da mai laushi gefe da gefe ɗinki zai tattare. Na shimfiɗa su a tabarma na yi ta musanyawa, masu taurin suka koma bakin gwado ta kowane ɓangare, inda dama nan ne ke shan ja, masu laushin a tsakiya.

Da hannu nake haɗawa, baki da baki, ba a keke ba. Keke sai an ɗora ɗaya kan ɗaya, ya ci faɗi, ya kuma bar tudun da mai kwanciya zai ji a haƙarƙarinsa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

An gama ɗinki da kalmasa daren jiya. Faɗi mita 1 da santimita 5. Sanyi ya riga ya tafi, zafin Garwa ya fara leƙowa, saboda haka Inna ta ninke shi ta sa a akwati sai baɗi. Kafin nan sai da ta aika aka kira maƙwabta biyu suka gani.

Lissafi, ban da kuɗin moto da goro: sefa 27,000. Daga ciki 11,000 na kayan da za su zauna ne, wato turaku, igiya, gwangwala, ƙoshiya biyu da zana. Sauran 16,000 zare ne da sitaci, har da shuɗin da bai yi ba, wanda zai tafi a ɗaurin buhu.

Abin da ke gaba. Cikin azumi ba saƙa, ɗinkin sallah zai riƙe ni a shago. Bayan sallah zan yi wa masaƙar rumfar kwano kafin ruwan Mayu, in kuma duba gindin turaku ko gara ta taɓa. Wadari na gaba zan ƙara masa kashi ɗaya cikin biyar a kan tsawon da nake so. Inna ta ce za ta gwada kaɗa zaren tsaye in an samo mata ƙaramin mazari, Baba kuma ya ce a bari sai damina, lokacin da iska ke da laima, a gwada shi a gajeren wadari na mita 4. Anguryar da aka gurza na ajiye ta a tulu da toka, za a shuka layi uku a bayan gida in ruwa ya zauna. Ranar Lahadi zan kai wa Dada kuɗin mazari goma tun kafin a kaɗa, da man zafi ta kai wa tsohuwar, in kuma tambaye ta ko akwai wata yarinya a ƙauyen da za ta so ta zauna kusa da ita ta koya.